Daidaito da Dama da Ƙwazo a Fagen Ilimi Mai Zurfi: Misali Daga Yankin Danja

1.0 Gabatarwa

A kowace shekara ɗalibai masu ɗimbin yawa ne suke kammala makarantun sakandare a Nijeriya, sannan su nemi shiga jami'o'i da kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha. A shekarar 2024 kaɗai, hukumar JAMB ta fitar da sakamakon jarrabawar mutum fiye da miliyan 1.8, kuma kimanin uku daga cikin kowane huɗu ba su kai maki 200 daga cikin 400 ba. Guraben da ake da su a fannonin da aka fi rububinsu, kamar aikin likita da na lauya da na injiniya, ba sa isar masu nema. Duk inda abu ya yi kaɗan, masu so kuma suka yi yawa, tilas maganar rabo ta taso: wa za a ba, wa za a hana, kuma da wane ma'auni?

Wannan babi zai yi bayani a kan abubuwa uku da amsar wannan tambaya ta rataya a kansu, wato daidaito da dama da ƙwazo. An ɗauki ƙaramar hukumar Danja da maƙwabtanta na yankin Funtuwa da Malumfashi, a kudancin jihar Katsina, a matsayin misali, kasancewarsa yanki na manoma da ya dogara ga makarantun gwamnati. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, rabon gurabe da ake yi a ƙofar jami'a ba ya iya cike giɓin da aka bari tun daga firamare. A cikin aji ake samar da daidaito ko a rasa shi, kuma malami ne yake tsaye a wannan wuri.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

2.1 Daidaito

A fagen ilimi, ana amfani da kalmar daidaito ta fuskoki uku. Fuska ta farko ita ce daidaito a gaban ƙa'ida, wato a yi wa kowa jarrabawa iri ɗaya, a duba ta da ma'auni ɗaya, ba tare da la'akari da ƙabila ko addini ko jinsi ko gidan da mutum ya fito ba. Ta biyu ita ce daidaito wajen shiri, wato a tabbatar kowane yaro ya samu makaranta da malami da littattafan da za su kai shi ga zama wannan jarrabawa a shirye. Ta uku kuwa ita ce daidaito a sakamako, wato kowa ya fita da abu ɗaya. Wannan ta ukun babu tsarin ilimin da zai iya yin alƙawarinta, domin mutane sun bambanta ta wajen baiwa da sha'awa da himma.

Ana iya fahimtar bambancin fuska ta farko da ta biyu ta hanyar misalin manoma biyu da aka ba iri ɗaya da taki buhu ɗaya, amma gonar ɗaya tana fadama, ta ɗayan tana kan tudu mai tsakuwa. An yi masu rabo daidai, sai dai ba su tashi daga wuri ɗaya ba.

Dokoki sun yi magana a kan wannan batu. Sashe na 26 na Jawabin Haƙƙin Ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1948 ya nuna cewa ilimi mai zurfi ya zama a buɗe ga kowa bisa cancanta. Haka kuma sashe na 18 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗora wa gwamnati nauyin fuskantar da manufofinta ga samar da isasshiyar dama ta ilimi, daidai wa daida, a dukkan matakai. Sai dai wannan sashe yana cikin babi na biyu na kundin, wanda ya ƙunshi manufofin da ake fatan cim ma, waɗanda a bisa tanadin kundin kansa ba a tilasta su ta hanyar kotu.

2.2 Dama

Dama ita ce hanyar da take a buɗe, wadda kuma mutum yake da halin bin ta. Akwai dama ta takarda, akwai dama ta zahiri. A takarda, kowane ɗan Nijeriya da ya cika sharuɗɗa yana da ikon neman kowace jami'a ta tarayya. A zahiri kuwa, sai an haɗa abubuwa da yawa kafin wannan iko ya yi amfani: makarantar da ake koyarwa a cikinta, da kuɗin rajista da na guzuri, da sanin lokacin da ake sayar da fom da darussan da kowane fanni yake buƙata, da lafiya, da kwanciyar hankali a gari da kan hanya.

2.3 Ƙwazo

Ƙwazo shi ne himma da naci da juriyar da mutum yake sanyawa a cikin aiki har ya kai ga biyan buƙata. Ya bambanta da hazaƙa, wadda take baiwa ce. Daga cikin abubuwan nan uku, ƙwazo ne kaɗai yake hannun ɗalibi kacokan. Daidaito da dama kuwa nauyi ne da ya fi rataya a wuyan gwamnati da al'umma da iyaye da malamai.

3.0 Tushen Rashin Daidaito

Ƙasar Katsina ta daɗe da shahara a ilimin addinin Musulunci, kamar yadda tarihin hasumiyar Gobarau da na malamai irin su Wali Ɗanmarna da Wali Ɗanmasani ya nuna. Ratar da ake magana a kanta a nan ta ilimin boko ce, wanda ya shigo Nijeriya ta bakin teku. 'Yan mishan sun sauka Badagry a 1842, kuma an buɗe makarantar sakandare ta farko a Legas a 1859. A Arewa kuwa, sai a 1909 ne Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗanhausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano. Ke nan akwai tazarar shekara 50 tsakanin sakandaren farko ta Legas da makarantar farko ta Kano. Hausawa kuwa sun ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

A 1921 aka kafa Kwalejin Katsina domin horar da malamai, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922. Ita ce ta yaye mutane irin su Sa Ahmadu Bello da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da Alhaji Abubakar Imam da Alhaji Isa Kaita. An mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Duk da ingancin karatunta, ɗalibai kaɗan take ɗauka daga dukkan lardunan Arewa, kuma maza ne zalla. Makarantun 'yan mata na gwamnati ba su fara ba sai a 1930, a biranen Kano da Katsina.

Sakamakon haka, lokacin da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, 'yan Arewa da suka cika sharuɗɗan shiga ba su taka kara sun karya ba. A 1957, ɗaliban sakandare a duk faɗin Jihar Arewa ba su kai 4,000 ba, alhali na Kudu sun haura 28,000. Bugu da ƙari, Jihar Yamma ta riga ta fara ilimin firamare kyauta tun 1955.

Akwai kuma wata rata ta cikin gida wadda ba a cika ambatonta ba, wato tsakanin birni da ƙauye. Turawan mulkin mallaka sun kula da kudancin lardin Katsina ne ta fuskar amfanin gona. An shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta Funtuwa zuwa Gusau da Ƙaurar Namoda, an kuma kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Manyan makarantu kuwa suna hedikwatar lardi. Saboda haka ɗan manomin Danja ya gaji rata iri biyu: wadda take tsakanin Arewa da Kudu, da wadda take tsakanin birni da karkara.

4.0 Matakan da Aka Ɗauka Domin Cike Giɓi

4.1 Faɗaɗa Makarantu

Rahoton kwamitin Ashby na 1960 ya ba da shawarar ƙara jami'o'i da kafa manyan kwalejojin horar da malamai. A kan wannan turba aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a watan Oktoba na 1962, aka kuma fara bayar da takardar shaidar malanta ta NCE. A matakin ƙasa, an ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa, wato UPE, a 1976, sannan shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999.

Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro a 1987, ta samu rabonta. Akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a Dutsinma. An kafa jami'ar Alƙalam a 2005, da jami'ar jiha a 2006, wadda yanzu ake kira Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Tarayya ta Dutsinma a 2011. Waɗannan duka suna tsakiya da arewacin jihar. Ga mutumin Danja, Zariya ta fi Katsina kusa nesa ba kusa ba, shi ya sa tun da daɗewa hankalin ɗaliban yankin ya fi karkata can.

4.2 Makarantun Share Fage

Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, sai aka tarar ɗaliban Arewa masu takardun shiga ba su isa su cika azuzuwanta ba. A zamanin shugabancin Farfesa Ishaya Audu, daga 1966 zuwa 1975, jami'ar ta kafa makarantar share fage a harabarta, inda ake ɗaukar waɗanda suka gama sakandare a ƙara masu horo kafin su fara digiri. Jihohi ma sun kafa irin waɗannan kwalejoji, aka kuma samar da jarrabawar IJMB a ƙarƙashin kulawar jami'ar. A farkon shekarun 2000 jami'ar ta buɗe makarantar share fage a Funtuwa da goyon bayan gwamnonin jihohin Arewa. Wannan makaranta ta kawo ƙofar jami'a kusa da mutanen Danja da Bakori da Ƙafur da Malumfashi. Hikimar wannan tsari ita ce, ana ɗaga ɗalibi ya kai ma'auni, maimakon a sauke ma'auni ya same shi.

4.3 Rabon Gurabe

An kafa hukumar JAMB a 1978 domin haɗe jarrabawar shiga jami'o'i wuri ɗaya. A manyan makarantun gwamnatin tarayya, ana raba gurabe ne bisa ma'auni uku. Kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne zalla, wato waɗanda suka fi maki ko daga ina suka fito. Kashi 35 na 'yan jihohin da aka keɓe wa makarantar a matsayin yankinta ne. Kashi 20 kuwa na jihohin da aka ayyana cewa an bar su a baya a fannin ilimi ne. A da, rabon ya kasance 40 da 30 da 20, sannan kashi 10 a hannun shugabannin makaranta, amma daga baya aka soke wannan kaso na ƙarshe. Jihohin da aka bari a baya guda 23 ne: dukkan jihohin Arewa 19, da Bayelsa da Ebonyi da Kuros Riba da Ribas.

Alal misali, idan wani sashe na Jami'ar Ahmadu Bello yana da gurbi 100, ɗalibin Danja yana da ƙofa uku. Zai iya shiga cikin mutum 45 na farko idan makinsa ya kai. Idan bai kai ba, zai yi takara a cikin 35 na yanki, domin Katsina tana cikin yankin jami'ar. Idan nan ma bai samu ba, akwai sauran 20. Ya kamata a lura cewa a kowace ƙofa daga cikin ukun maki ake bi, kuma babu wadda take yafe wa ɗalibi sharaɗin kiredit biyar a darussan da suka dace da fanninsa.

5.0 Muhawara a Kan Rabon Gurabe

Masu goyon bayan wannan tsari suna kafa hujja da tarihi da kuma haɗin kan ƙasa. A ganinsu, jami'ar tarayya da kuɗin kowa aka gina ta, kuma ƙasar da likitocinta da alƙalanta da injiniyoyinta suka fito daga ɓangare ɗaya ba za ta zauna lafiya ba. Wannan tunani ne ya haifar da tanadin raba daidai a sashe na 14 na kundin tsarin mulki. Suna kuma cewa maki ba ƙwaƙwalwa kaɗai yake aunawa ba, har da irin makarantar da yaro ya halarta.

Masu suka kuwa suna ganin zalunci ne a hana mai maki da yawa a ba mai kaɗan saboda jihar da aka haifi mahaifinsa. Sukan kawo misali da makin shiga sakandaren tarayya na 2013, inda aka nemi 139 daga yaran jihar Anambara, aka nemi 4 daga yara maza na jihar Zamfara. Suna kuma tambaya: idan magani ne, me ya sa bayan shekaru fiye da 40 jihohin nan suke nan a jerin waɗanda aka bari a baya?

Akwai kuma wata matsala da ta fi shafar yankuna irin su Danja. Tsarin yana duba jiha ne, ba ya duba gida ko makaranta. Ɗan babban ma'aikaci da ya yi karatu a makarantar kuɗi a Abuja da ɗan manomi da ya yi sakandaren jeka-ka-dawo a Dabai, dukkansu takardar shaidar asalin jihar Katsina suke riƙe da ita, kuma gurbi ɗaya suke nema. Ba sai an faɗi wanda ya fi yiwuwar samu ba. Ta haka ne taimakon da aka tanada domin mabuƙaci yakan faɗa hannun wanda ya riga ya wadata.

Wasu ƙasashe ma sun yi fama da wannan tambaya. Indiya tana ware gurabe ga rukunonin jama'ar da aka danne a tarihi. A Amurka, kotun ƙoli ta haramta la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a 2023. Brazil kuwa ta yi doka a 2012 wadda ta ware rabin guraben jami'o'in tarayya ga waɗanda suka yi sakandaren gwamnati, rabin wannan kaso kuma ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. Darasin da yake cikin misalin Brazil shi ne, ana iya auna buƙata ta hanyar makaranta da halin gida.

6.0 Halin da Ɗalibin Yankin Danja Yake Ciki

Danja ƙasa ce mai albarkar noma. Da damina ana noma masara da dawa da waken soya, da rani kuma tumatir da albasa da tattasai, ga rake a fadamu. Wannan albarka ita ce take biyan kuɗin makaranta, ita ce kuma wani lokaci take janye yaro daga aji. Daga cikin abubuwan da suke rage wa ɗalibin yankin dama akwai:

(i) Karon lokacin jarrabawa da na aikin gona. Jarrabawar WAEC takan faɗo a watannin Mayu da Yuni, lokacin shuka da noman farko, ta NECO kuma a Yuni da Yuli, lokacin da ciyawa ta fi ƙarfi. Gidan da ba shi da kuɗin 'yan ƙwadago, 'ya'yansa ne ma'aikatansa.

(ii) Rashin tabbas na samun kuɗi. Tumatir ba ya ajiyuwa, saboda haka farashinsa yakan faɗi warwas idan kaya suka yi yawa a kasuwa. A 2016 ƙwaron nan mai suna Tuta absoluta ya lalata gonakin tumatir a jihohin Kaduna da Kano da Katsina da Jigawa. Shekara irin wannan tana iya zama sanadin ajiye karatun ɗalibin da ya riga ya samu gurbi.

(iii) Ƙarancin malamai da kayan aiki. Makarantun karkara sun fi fama da rashin malaman Ingilishi da Lissafi da kimiyya, da rashin ɗakunan gwaje-gwaje, alhali waɗannan darussa su ne mabuɗin fannonin da aka fi nema.

(iv) Jarrabawa da kwamfuta. Tun daga 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, cibiyoyinta kuma suna manyan garuruwa. Ɗalibin da bai taɓa riƙe na'urar ba sai ranar jarrabawa zai ɓata wani ɓangare na lokacinsa wajen laluben madannai.

(v) Matsalar tsaro. A watan Disamba na 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, abin da ya sa gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana na wani lokaci. Makarantun kwana kuwa su ne tsanin da 'ya'yan karkara masu hazaƙa suka saba hawa.

(vi) Halin 'ya mace. Nisan babbar sakandare daga ƙauye, da ɗawainiyar gida, da aure kafin kammala karatu, sukan tsayar da yarinya tun kafin ta kai ga cike fom. Wannan kuwa yana komawa kan al'umma, domin ƙauyen da bai tura 'ya'yansa mata makarantar ungozoma ta Malumfashi ko kwalejin ilimi ba, zai ci gaba da rasa ma'aikaciyar asibiti da malama 'yar gari.

Ko bayan an samu shiga, akwai sauran rina a kaba. Yajin aikin malaman jami'o'i ya ɗauki wata tara a 2020, da wata takwas a 2022, kuma tsawaitar karatu ta fi yi wa mai ƙaramin ƙarfi nauyi. A ɗaya ɓangaren, an samu sababbin hanyoyin tallafi, kamar asusun lamunin karatu na NELFUND da ya fara aiki a 2024, wanda yake ba ɗaliban makarantun gwamnati bashi marar ruwa. Amma sai wanda ya ji labari, ya kuma iya cike fom ta intanet, yake amfana.

7.0 Matsayin Ƙwazo

Bayanin da ya gabata ba hujja ba ce ta zaman jiran tsammani. Manomin rani a Danja ya san cewa samun fili a bakin ruwa somin taɓi ne. Sai ya yi reno, ya dasa, ya yi ban ruwa a kan lokaci, ya yi feshi, kafin ya ga kwando. Haka abin yake a karatu. Rabon gurabe yana ƙarewa ne a bakin ƙofa. Da zarar an shiga aji, jarrabawa ɗaya ake yi wa wanda ya shigo ta cancanta da wanda ya shigo ta kason jiha, kuma wanda makinsa ya gaza akan ba shi gargaɗi, daga nan a sallame shi. Marar lafiya ma ba ya tambayar likita ta wace ƙofa ya shiga jami'a. Abin da yake buƙata shi ne a iya aikin.

Ƙwazo kuma shi ne yake sa a ci gajiyar hanyoyin da ba na kai tsaye ba. Wanda bai samu jami'a a karon farko ba yana iya yin NCE ko difloma ko IJMB, sannan ya nemi shiga aji biyu na digiri. Malamin da yake bakin aiki yana iya ƙaro ilimi ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da take Kaduna, ko ta jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, wadda aka farfaɗo da ita a 2002. Hanyoyi ne masu tsawo, amma himma ba ta ga rago.

Akwai kurakurai biyu da ya kamata a guje wa. Na farko shi ne ɗaukar satar amsa a matsayin taimako. Makarantar da take rubuta wa ɗalibai amsa a allo ranar jarrabawa tana ba su takardar da ba za su iya karewa ba, ga shi kuma laifi ne a ƙarƙashin dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999. Na biyu shi ne ɗauka cewa duk wanda ya ci nasara ƙwazonsa ne kaɗai ya kai shi, duk wanda ya faɗi kuma rago ne. Yaron da ya yi ban ruwa da asuba, ya taka kilomita da dama zuwa makaranta, ya samu maki 180, mai yiwuwa ne ya fi wanda ya samu 250 a cikin gata zuba ƙoƙari. Ƙwazo sharaɗi ne na nasara, amma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

8.0 Nauyin da Yake Kan Malami

Idan aka yi la'akari da abin da ya gabata, za a ga cewa makin da ɗalibi yake samu yana da shekara 18 an fara tara shi ne tun yana da shekara shida. Ba a fafe gora ranar tafiya. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta sanya NCE a matsayin mafi ƙarancin shaidar koyarwa, ke nan masu wannan takarda su ne suke riƙe da tushen ginin. Abin lura a nan shi ne, a 2024 mafi ƙarancin makin shiga jami'a 140 ne, na kwalejojin ilimi kuwa 100. Haka kuma a 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta bayyana cewa malaman firamare 21,780 daga cikin kimanin 33,000 sun kasa cin jarrabawar gwaji da ta yi masu. Wannan ya nuna cewa ƙwazon da ake nema daga ɗalibi, daga ɗalibin malanta ya kamata ya fara. Daga cikin abubuwan da suke hannun malami akwai:

(a) Tabbatar da iya karatu da rubutu tun a ƙananan azuzuwa. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da harshen Yarbanci tsawon firamare, ya nuna cewa ƙwarewa a harshen uwa ba ta hana iya Ingilishi. Saboda haka malamin Hausa da ya koya wa yaro haɗa baƙi da wasali har ya karanta shafi ya fahimta, ya ba shi makamin da zai yi amfani da shi a kowane darasi.

(b) Raba kulawa daidai a cikin aji. Tambaya ta kai ga na baya kamar yadda take kai wa ga na gaba, ta kai ga mace kamar namiji. A kuma lura da mai raunin ji ko gani, a sanar da iyayensa cewa akwai makarantu na musamman, kamar makarantar kurame ta Malumfashi.

(c) Adalci wajen bayar da maki. Ɗan mai gari da ɗan ɗan ƙwadago ma'auni ɗaya ya hau kansu. A nan ne yaro yake fara koyon ko ƙwazo yana biya ko ba ya biya.

(d) Jagoranci wajen zaɓen darussa. Ɗalibai da yawa suna rasa gurbi duk da makinsu ya kai, saboda sun haɗa darussan da ba su dace da fannin da suka nema ba. A gidan da babu wanda ya taɓa zuwa jami'a, malami ne kaɗai zai iya faɗakar da su tun daga aji ɗaya na babbar sakandare, ya kuma sanar da su lokutan rajista da hanyoyin tallafi.

(e) Tuntuɓar iyaye. Malamin da ya san kalandar noma ta garin da yake aiki zai iya zama da iyaye da kwamitin makaranta kafin faɗuwar damina, a sassauta wa 'yan ajin ƙarshe aikin gona na 'yan makonnin jarrabawa.

(f) Zama a inda aka tura shi. Duk malamin da ya nemi hanya aka mayar da shi gari, ko ya mayar da zuwa aji na ganin dama, ya rage wa yaran wani ƙauye damar da babu kason jihar da zai mayar masu da ita.

9.0 Kammalawa

A wannan babi an bayyana ma'anar daidaito da dama da ƙwazo, an kuma bi tarihin ratar ilimin boko tsakanin Arewa da Kudu da tsakanin birni da karkara. An nuna matakan da aka ɗauka, wato faɗaɗa makarantu da share fage da rabon gurabe, tare da hujjojin masu goyon baya da na masu suka. Misalin Danja ya nuna cewa kason da aka ware wa jiha ba ya isa ga ɗan manomi sai ya zo da kiredit da makin da zai yi takara da su, kuma idan ya shiga, ƙwazonsa ne zai fitar da shi. Ranar da makarantun firamare da sakandare na Danja da Dabai da ire-irensu suka fara yaye ɗaliban da za su shiga ta ƙofar cancanta, ranar ce jihar Katsina za ta daina buƙatar kason waɗanda aka bari a baya. Wannan aiki kuwa yana hannun waɗanda ake horarwa a kwalejojin ilimi a yau.

Tambayoyin Bita

1. Bambance tsakanin daidaito a gaban ƙa'ida da daidaito wajen shiri, tare da kawo misali daga garinku.
2. Yi bayanin yadda ake raba gurabe a manyan makarantun tarayya, sannan ka kawo hujja biyu ta masu goyon baya da biyu ta masu suka.
3. Ta wace fuska makarantun share fage suka bambanta da tsarin rabon gurabe?
4. Tattauna hanyoyi huɗu da malamin Hausa a makarantar karkara zai bi domin faɗaɗa wa ɗalibansa damar samun ilimi mai zurfi.